Kwana biyar ina cin tuwo da kumbi a gidan abincin Dada, Gembu

Tun da na dawo daga dutsen Mambilla mutane suke ta tambayata ya hanya, ya sanyi, wai da gaske ne gajimare yana saukowa har kan titi, amma ba wanda yace min me kaci a can, alhali ni abin da ya fi tsaya min a rai kenan. To bari in faɗa da kaina tunda an ƙi tambaya.

Ƙanina aka tura bautar ƙasa wata makaranta a Gembu, hedkwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, Hajiyarmu ta tada hankalinta wai an kai mata yaro bangon duniya, kullum ta kira wayar bata shiga, ƙarshe dai aka ce ni ne babba in je in gano shi da idona, in kai masa yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu. Haka na kama hanya a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da duk mai hankali zai ce maka ka bari sai ruwa ya ɗauke. Kano zuwa Jalingo yini guda cur, na kwana a can, da sassafe muka tashi muka bi ta Garba Chede, Bali, Serti inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda duk Najeriya babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma, sai Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan aka fara hawan da suke cewa Biyu da Sisi, direbanmu yace wai sule biyu da sisi ake biyan 'yan dako su hau da kaya a ka zamanin Turawa shi ne sunan ya bi wurin. Ni dai ban tanka masa ba don lokacin salati nake, kwana kan kwana, mota na kuka a giya ɗaya, ka leƙa taga ka ga rami ba ƙarshe. Muna ƙarasa hawa sai duniya ta buɗe, tuddai kore shar kamar an shimfiɗa darduma, shanu jajaye ko'ina, iska mai sanyi ta bugo, muka wuce Maisamari da Nguroje, bamu shiga Gembu ba sai dab da magariba.

Yunwa kam ba a magana. Muna idar da sallah yaron yace yaya zo muje wajen Dada.

Ba sunanta bane, da Fulatanci uwa kenan, kuma kowa haka yake kiranta, 'yan acaɓa, direbobi, malaman makaranta, har dattawan da suka girme ta. Wurin ba allo ba suna, ɗaki ne guda na jar ƙasa da rufin kwano da labule a ƙofa, tebur biyu benci huɗu, murhu a baya ana hura shi da itacen zaiti, wato bishiyar turaren nan da aka dasa ko'ina a kan dutsen, shi yasa kana shiga ƙamshin hayaƙin ma daban ne, wani iri kamar man zafi. Idan ba wani ne ya kai ka ba wallahi wucewa zaka yi.

A daren farko ni nayi wa kaina. Ta tambaye ni me zan ci, ni kuma da girman kan Bakano nace shinkafa da miya. Yaron ya kalle ni bai ce komai ba. Aka kawo shinkafa, waje ta caɓe ciki da sauran ƙwari, miyar tumatir kuma tsululu ga tsami, naci loma biyar na ajiye cokali, a raina nace dama Hajiya tana da gaskiya yaron nan wahala yake sha. Muna fita nace masa wannan ne wurin da kake ta yabo? Yayi dariya yace yaya kai ne ka tambayi abin da ba nasu ba, shinkafar nan don baƙi irinku ake dafa ta, ɗan gari baya ci a nan. Wai kuma har da ilimi a ciki, shi da yake kimiyya yake koyarwa, yace dutsen nan ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, Kano ko 500 bata cika ba, a irin wannan tsayin ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, wajen digiri 95 maimakon 100, don haka shinkafa da wake sun fi daɗewa kafin su nuna, mai gaggawa sai ya ƙara ruwa ya ƙara wuta ta caɓe. Naji bayanin kuma na yarda, amma ban yafe wa shinkafar ba, don tsamin miya dai ba tsayin dutse ne ya kawo shi ba.

Ashe Dada ta lura da farantin da na bari. Washegari da azahar muna ɗaga labule tace "Alhaji jiya baka ci ba, yau ni zan zaɓa maka." Ban taɓa zuwa Makka ba amma na amsa. Yarinyarta ta kawo ruwan wanke hannu, na miƙa hannu ina jiran ƙanƙara sai naji ruwan da ɗumi. Wannan kaɗai ya sa na fara sassautowa, don wanda bai taɓa yin alwala da ruwan Gembu da asuba ba ba zai gane darajar ruwan ɗumi ba. Kullum tukunya guda tana gefen murhu don wannan kawai.

Sai ga tuwon masara, mulmula biyu manya yana tururi, a gefe kuma wani tulin ganye kore mai duhu kamar zai yi baƙi, yana ƙyallin manja, da nama yanka uku. Na duba ina neman inda miyar take, don mu a gida miya ai sai ta kwanta a kan tuwo ta malale, kuka ce ko kuɓewa ko taushe. Yaron yace ita ce wannan. Kumbi kenan.

Ganye ne ɗan ƙarami mai laushi, dangin gauta, itacen yana yin 'ya'ya ƙanana baƙaƙe, a tsallaken iyaka wajen Bamenda ta Kamaru njama-njama suke ce masa. Daga baya na zauna kusa da murhu na ga yadda take yi: a tsinke ganyen daga kara ɗaya bayan ɗaya, wanda shi ne aikin da yake cinye musu safiya gaba ɗaya ita da 'yan mata biyu, a wanke, a jefa a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan, a tsame a matse ruwan tas, sannan a soya albasa da tumatir da attarugu a manja a zuba ganyen a juya. Shikenan fa. Ba daddawa, ba kayan ƙamshi barkatai, gishiri da magi kawai. Amma loma ta farko da na gutsuri tuwo na dangwalo na kai baki sai da nayi shiru. Akwai ɗan ɗaci a ciki, ba irin na shuwaka mai sa ka yamutsa fuska ba, ɗaci ne siriri da yake zuwa a ƙarshe bayan manja da albasa sun wuce, kuma shi ne yake sa ka sake kai hannu. Ba ya yauƙi, ba ya narkewa kamar alayyaho da in ya ji wuta ya zama ruwa, yana da jiki, kana taunawa kana jin ganye kake ci. Abu mafi kusa da zan kwatanta shi da shi a wajenmu shi ne kwaɗon zogale da aka soya da zafinsa, amma ko shi ɗin bai kama ƙafarsa ba.

Tuwon kansa ma abin magana ne. Masara ce abincin dutsen, ba dawa ba gero ba, kuma na zo daidai lokacin da sabuwa ta fara shigowa. Nata ba irin farin tuwon nan bane da aka surfe aka tankaɗe har ya zama ba ɗanɗano, da ɗan ƙarfinsa, ƙamshin masarar na nan, kuma baya kama hannu. Mulmula ɗaya da rabi na iya ci, sauran rabin yaron ya janye. Da na gama sai gumi ya karyo min a goshi cikin sanyin nan, na cire hular sanyi na ajiye.

Rana ta uku ta kawo wani salon, kumbin da gyaɗa niƙaƙƙa maimakon manja da yawa, ta ɗiga man shanu a kai. Ni a ganina wannan ya fi, gyaɗar tana kwantar da ɗacin, man shanun kuma, kai jama'a. Mu a birni abin da ake sayar mana a roba ana cewa man shanu rabi duk haɗi ne. Wannan matan Fulani ne suke kawo mata daga ruga da safe a ƙwarya, ita take soya abinta da albasa, cokali ɗaya ya isa ya cika ɗakin da ƙamshi. Ba kullum take yin na gyaɗar ba, sai ka tambaya tun da safe, in ta ga dama.

Wani dattijo da kullum nake tararwa a bencin ƙarshe da butar shayinsa ne ya warware min abin da yake ɗaure min kai, don na ce masa Baffa abincin nan naku bai yi kama da na Jalingo ba balle namu. Yace ai dole, nan da can baya ba Najeriya bace, yankin Kamaru ne da Jamus ta riƙe sannan Ingila ta karɓa, sai a 1961 aka yi ƙuri'a mutanen arewacin yankin suka zaɓi Najeriya, na kudu suka bi Kamaru, aka sa wa lardin sunan Sardauna saboda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, sunan da ƙaramar hukumar take amsawa har yau. To iyaka ta raba takarda amma tukunya ɗaya ce, Mambilla, Kaka, Panso, Kambu, Fulani, da Hausawan da kasuwanci ya kawo kakanninsu, kowa ya sa hannu a ciki. Ko a ɗakin ma zaka ji, Fulatanci ne yaren ciniki, Hausa tana biye, ita kanta Dada tuwo nyiiri take ce masa sai in ta juyo wajena ta canza. Kalma biyu na koya, useko wato na gode, da jam in an gaishe ka, kuma su biyun sun ƙara min yankan nama fiye da sau ɗaya.

Naman kuwa na sa ne, kuma mai kyau. Shanun dutsen ciyawa suke ci shekara kusan gaba ɗaya, ba ƙudan tsando a can sama, ba doguwar tafiyar da take ƙarar da dabba kafin ta iso mahauta. Tana dafa shi ya yi laushi ba tare da ya wargaje ba. Abin da ban so ba shi ne yankan, wani ya samu tsoka zalla wani ya samu jijiya da kitse, kuɗi ɗaya, kuma na lura 'yan gida da direbobin da suka saba su ne masu tsokar. Sai a rana ta huɗu na shiga sahunsu. Na ci farfesun kayan ciki sau ɗaya da daddare, yayi daɗi, barkono ya ji, amma kitse yana daskarewa a saman kwanon tun kafin ka kai rabi saboda sanyi, dole ka sha da sauri kamar ana korarka.

Wannan matsalar sanyin ita ce babban aibin wurin gaba ɗaya. Ƙofa labule ce kawai, duk wanda ya shigo sai iska ta biyo shi, tuwon da aka kawo yana ƙona yatsa cikin minti kaɗan ya zama kamar na jiya. Kar ka zauna bencin bakin ƙofa, kar kuma ka tsaya ɗaukar hoto ko hira, ci kawai. In ka matsa ciki kusa da murhu don ɗumi to hayaƙi ne zai karɓe ka, idona ya yi ja, rigar sanyina har na dawo Kano tana warin itace, mai ɗakina ta wanke ta sau biyu. Zaɓi biyu ne, sanyi ko hayaƙi, ni hayaƙin na zaɓa.

Karin kumallo kam ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Shayi ne na ganyen Highland da ake nomawa ana sarrafawa a Kakara, nan kan dutsen, mun wuce ta kusa da gonar a hanya, layi-layi kore kamar an yi wa tudu kitso. Tana dafa shi da citta da madarar shanu ta gaske ba ta gwangwani ba, a kofin silba da zaka riƙe da hannu biyu kana ɗumama yatsu. Abin haushi shekara nawa ina shan shayi a Kano ban taɓa sanin ana noman ganyensa a ƙasar nan ba. Tare da shi akwai fanke da wake da aka dafa da manja, irin cin mutanen Kamaru, da farko na ga haɗin wani iri, daga baya ni nake tambaya. Sai fiya. Fiyar Gembu wata irin ƙatuwa ce mai maiƙo, ana raba ta biyu a barbaɗa gishiri a shafa a burodi, kuma a can ba a ɗauke ta bakin komai ba, yara suna jifan juna da ita, ayaba ma haka, abin da muke saya ɗaya-ɗaya da tsada a bakin titi. Wata safiya ta bani dafaffen makani da miyar manja, su gwaza suke cewa, yayi gari sosai amma ya min nauyi, na yini ina hamma.

Dankalin turawa ma ana nomawa a can kuma tana soyawa, ba laifi, ba kuma abin da zaka ba wani labari.

Maganar lokaci, wannan ku riƙe da kyau. Tuwo yana sauka wajen sha biyu da rabi, kumbi kuwa ƙarfe biyu zuwa biyu da rabi ya ƙare, kuma in ya ƙare ya ƙare, bata ƙara wani don tsinkar ganyen ba abin da ake yi da gaggawa bane. Rana ɗaya muka je ganin wani ruwa da yake zubowa daga kan dutse a bayan gari, ruwan sama ya tare mu, bamu dawo ba sai la'asar, muka tarar da shinkafar nan tana jiranmu. Burodi da shayi naci na kwanta. Ranar kasuwa kuma abin ya fi haka, ɗakin cika yake har waje, yarinyar da take raba abinci ita kaɗai ce, ta manta da ni sau biyu, na zauna ya fi minti ashirin ina kallon waɗanda suka zo bayana suna wanke hannu. Ba rashin kunya take yi ba, aikin ne ya fi ƙarfinta, amma dai mai yunwa baya jin uzuri.

Tsafta daidai gwargwado. Kwanuka a wanke, ruwan sha a rufe, ƙuda babu sosai, sauro ma ban ji ko ɗaya ba a kwanakin da nayi. Ƙasan ɗakin dai da damina jar laka ce kowa yake shigowa da ita a takalmi, suna sharewa tana dawowa. Babu bayi, babu wurin mata daban, iyali in za su je gara a kai kula a zubo a tafi masauki. Da daddare fitilar sola guda ɗaya ce a rataye, don wuta a kwanakin nan sai sola da janareta, abin dariya a kan dutsen da tun muna yara muke jin za a gina babbar madatsar lantarki.

Kuɗi kuma ka riƙe tsaba. Na gwada tiransifa ranar farko sabis ya ƙi, na tsaya ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata, tace bar shi Alhaji gobe ka kawo, bata ma san inda na sauka ba. Farashin da sauƙi sosai, abin da na biya na tuwo da kumbi da nama mu biyu bai kai abin da nake biya ni kaɗai a gidan abinci a Zoo Road ba, kuma bata taɓa ƙara min ko sisi don ta ga ni baƙo bane, abin da ta ce wa ɗan acaɓa shi ta ce min.

In maki ake so, tuwo da kumbi da shayin safe tara cikin goma, ɗayan na cire saboda hayaƙi. Shinkafa biyu, shi ma don ruwan ɗumin wanke hannu ne. Wanda baya son ɗaci ko kaɗan, ko wanda in bai ga miya tana gudu a faranti ba baya jin ya ci abinci, zai sha wahala kwana biyun farko. Yajin da na kai wa yaron ma na tarar bai buɗe na zuwan farko da ya tafi da shi ba, ya yi ƙiba har kumatu, na ɗauki hotonsa na kai wa Hajiya shaida tace ai kumburin sanyi ne.

Ranar da zan taho na je sallama da sassafe, hazo ya rufe gari ko gaban mota baka gani, ta ƙulla min kumbi ɗanye a leda da kwalbar man shanu tace a kai wa Hajiya, na ciro kuɗi ta ɓata rai. Na ƙara da kwalin shayi huɗu da rabin buhun fiya a tasha. Muna sauka Mayo Selbe zafi ya karɓe mu na fara cire riguna ɗaya bayan ɗaya, kafin Bali ganyen ya yi laushi, kafin Jalingo ya dahu a ledarsa, dole na zubar. Fiyar ma duk ta nuna lokaci guda muka yi ta rabon maƙwabta. Man shanun ne kaɗai ya iso lafiya, shi kuma Hajiya ta kulle a ɗakinta.

Mai ɗakina ta gwada min da alayyaho yadda na kwatanta mata, ta tafasa ta matse ta soya da manja, har da ɗan ganyen gauta don ɗacin. Naci nace yayi daɗi. Ta kalle ni tace ƙarya kake, nace eh. Yaron zai gama a watan da ke tafe kuma an ce wani ya je ya taya shi kwaso kaya, tun kafin a rufe baki nace ni zan je.